Wane littafi zan fara sa wa yarana a hannu a wannan hutun?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma abin ya dame ni ƙwarai. An ba yara dogon hutu, ruwan Agusta kuma kun ga yadda yake sauka a Jos, wani lokaci tun asuba har la'asar ba mai leƙa ƙofa. Babbar 'yata shekararta 15, 'yan biyu maza suna da 9, auta tana da 5. Dukkansu sun tare a kan wayata, in na karɓe a hannun wannan sai in gan ta a hannun wancan. Shekaranjiya na miƙa wa babbar wata takarda da aka rubuta da Hausa na ce ta karanta mini, sai ta dinga in-ina, ta kasa raba "ƙasa" da "kasa". Yarinyar da a gida ba ta da wani harshe sai Hausa. A makarantarsu tarar yaro ake ci idan aka ji ya yi Hausa, ga abin da ya haifar. Ni a Dilimi na tashi, a shekarunta na gama Magana Jari Ce duka uku. Ku taimaka mini da sunayen littattafai, na Hausa da na Turanci, kowa da wanda ya dace da shekarunsa. Ni ma ina son nawa, don rabona da in gama littafi tun kafin in haifi auta.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu. Ba ke kaɗai ba ce wallahi. Bari manya su fara, zan zo kan na ƙanana.

Baba Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da wannan. Ni shawarata ba ta da kwana-kwana: ki fara daga tushe. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da har gobe a kansu muke tsaye: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Imam yana da shekara 22 kacal a lokacin, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ina faɗin shekarunsa ne don matasanmu su ji.

Ga 'yan biyu, Ruwan Bagaja. Gajere ne, ba ya gundura, kuma ban taɓa karanta wa aji rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba tare da yara sun riƙe ciki don dariya ba. Wannan ya shirya wa wancan tarko, gaba kaɗan wancan ya rama, gari bayan gari. Ga babbar kuma, Shaihu Umar. Labarin zamanin bauta ne, yaron da aka raba da uwarsa, aka ƙetare Sahara da shi, ita kuma ta bar kome ta bi sawunsa. Na karanta shi ina ɗan makaranta, na sake karanta shi bayan rasuwar mahaifiyata, sai na ga ashe da can ban karanta kome ba. Mutumin da ya rubuta shi ya zama Firayim Minista, kabarinsa yana nan Bauchi kusa da mu, amma yaranmu da yawa a takardar naira biyar kawai suka san fuskarsa.

Ɗan Gangare: Baba Allah ya ƙara girma. Ina da 'yar magana amma kada a ce na yi rashin kunya. Yarinyar da ba ta iya karanta layi ɗaya na Hausa ba, in aka ɗora mata Shaihu Umar rana ɗaya, za ta ajiye shi a shafi na uku. Ni haka aka yi mini. An tilasta mini shi don jarrabawa, na tsane shi, sai da na girma na koma da kaina.

Baba Tsohon Hedimasta: Ba rashin kunya ba ne ɗana, gaskiya ka faɗa. To me kake gani?

Ɗan Gangare: A tambaye ta abin da take so tukuna. Ƙila ma tana karatu a waya ba a sani ba.

Maman 'Yan Biyu: Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tana karatu, amma irin labaran soyayyar nan da ake turowa kashi-kashi a WhatsApp, rabi Hausa rabi Turanci, ba ƙa'idar rubutu ko ɗaya. Na leƙa wani sau ɗaya, abin da na gani bai dace da matar aure ba ma balle ita. Shi ya sa nake tsoron duk wani abu mai suna soyayya.

Alhaji na Bauchi Road: To ai shi ke nan Hajiya, ki rufe wannan ƙofar gaba ɗaya. Littattafan soyayya su suka lalata tarbiyya tun shekarun 1990. Ni a gidana ban yarda da su ba, ko a wancan lokacin ƙannena ba su isa su shigo da su ba.

Uwargidan Rikkos: Alhaji ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba, kuma zan yi dogon bayani don abin ya shafe ni. An cire ni daga makaranta ina aji biyu na sakandare aka yi mini aure. Abin da ya hana karatuna mutuwa shi ne waɗannan littattafan da kake cewa. Akwai wata mata a unguwarmu da take ba da hayarsu, ka kai ka karɓo wani, mu kan haɗa kuɗi mu uku mu yi karɓa-karɓa. A cikinsu na haɗu da Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho, ta ƙi zama, ta koma neman ilimi. Na karanta shi ina goyon fari, na yi kuka har na gode Allah. Bayan shekara huɗu na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta manya, yau ina da takardar shaidar malanta. Ita kanta marubuciyar an yi mata auren wuri, ba daga sama ta ɗauko labarin ba.

Sai Alhaki Kuykuyo Ne, nata dai, na 1990. Rabi mai 'ya'ya tara, miji ya ƙaro aure ya kore ta, ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Wace unguwa ce a Jos babu Rabi a cikinta? An fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga, mutanen wata nahiya suna karanta mu, mu kuma muna cewa a ƙone. Ban ce duka na kirki ba ne. Akwai shara, kuma sharar yanzu ta waya ta fi ta da muni, don da marubuci yana sa sunansa da hotonsa a bango, yana jin kunyar unguwarsu, yanzu kuwa sunan ƙarya ne. Amma ba a hana cin tuwo don an sami tsakuwa a loma ɗaya.

Maman 'Yan Biyu, ki ba ta So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed. An buga shi a 1980 bayan gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Soyayya ce tsakanin Boɗaɗo, 'yar Fulani, da Yasir, ga adawar dangi, ga aljana a tsakani. Ba abin da za ki ji kunyar ta karanta a gabanki.

Alhaji na Bauchi Road: Hajiya na ji labarinki kuma na girmama shi, Allah ya ƙara buɗi. Amma ki tuna In Da So Da Ƙauna. Yarinya ta faɗa rijiya don an hana ta wanda take so. Me wannan yake koya wa 'yar shekara 15?

Ɗalibar Naraguta: Baba Alhaji, in ka ba ni dama. Wannan littafin na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, mun yi nazarinsa a aji. Abin da ya kai Sumayya rijiya shi ne an fifita mai kuɗi a kan talakan da take so, ba a saurare ta ba. Wanda ya karanta har ƙarshe, iyaye zai fi yi wa tambaya, ba yarinyar ba. Kuma wannan magana ba a 1991 ta fara ba. Jiki Magayi da Baba Hedimasta ya lissafa cikin biyar na farko, ai a kan haka aka gina shi: Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya ɗauke ta, ɗaukar fansa ta biyo baya har ta cinye wanda bai ji ba bai gani ba. Soyayya da auren kuɗi suna cikin littafin Hausa tun ranar da aka haife shi. Abin da ya sauya daga tsakiyar shekarun 1980 shi ne matasa da mata sun karɓi alƙalamin, suna bugawa da kuɗinsu, suna kaiwa kasuwa da kansu. Shi ya sa masu suka suka raɗa masa Adabin Kasuwar Kano.

Baba Tsohon Hedimasta: Yarinyar nan ta kama ni da hujjata. Haka ne, Jiki Magayi labarin so ne da ramuwa. Ni ma a da ina cikin masu sukar littattafan Kano, musamman saboda rashin ƙa'idar rubutu, ka ga "ya ce" an haɗe, "da shi" an haɗe. Har yanzu wannan yana ɓata mini rai. Amma na ga matan da ba don su ba da sun manta baƙi, don haka na sassauta.

Alhaji na Bauchi Road: To, in dai uwa za ta fara karantawa kafin ta miƙa, ban da ja. Amma ta karanta ɗin, ba ta duba bango kawai ba.

Uwargidan Rikkos: A nan mun haɗu Alhaji.

Ɗalibar Naraguta: Anti, tunda 'yarki ta fi sakewa da Turanci, kada a yaƙe ta ta nan, a bi ta nan a jawo ta. Ki nemo mata Pride and Prejudice na Jane Austen, na 1813. Kada tsufansa ya tsorata ki, akwai bugun da aka sauƙaƙa don ɗalibai. Uwa ce mai 'ya'ya mata biyar, ba namiji, hankalinta ya tashi sai ta aurar da su, domin a tsarin gadon gidan, ranar da mijin ya mutu wani ɗan'uwansa namiji ne zai gaje gidan da gonakin, su a fita da su. Da na karanta sai na ga kamar a Unguwar Rogo ake yi, har da zuwa biki don a ga 'yan mata, har da maƙwabta masu ƙirga wa mutum samarin 'yarsa. Kuma zai ba ku abin hira: ki nuna mata cewa a Musulunci 'ya mace tana da rabonta na gado da ba mai hana ta, ta kwatanta da halin da waɗancan suka shiga. Bayansa sai The Stillborn na Zaynab Alkali, 1984, 'yar Arewa ce, labarin Li da burinta na barin ƙauye.

Ke kuma Anti, naki daban. So Long a Letter na Mariama Bâ 'yar Senegal, wasiƙa ce guda wadda Ramatoulaye ta rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba, bayan mijin da suka yi shekaru tare ya auri ƙawar 'yarsu. Siriri ne, dare biyu ya ishe ki. In kin gama, ga na ɗan garinmu, Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos: Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, dala dubu ɗari. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, wadda rikicin Jos ya raba da mijinta ya kuma tashe ta zuwa gefen Abuja. Amma na gaya miki tun yanzu, na manya ne, akwai abin da zai sa ki ajiye ki yi istigfari. Ki ɓoye shi daga yara.

Maman 'Yan Biyu: Na rubuta duka. Wannan na ƙarshen zan daure in karanta, ko da yake duk abin da ya taɓo rikicin 2001 nauyi yake mini. A Dilimi muke a lokacin.

Uwargidan Rikkos: Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kiyaye gaba. Ki bi shi a hankali ƙanwata, ba dole sai yanzu ba.

Ɗan Gangare: Amin. Anti, ni 'yan biyu nake so in yi wa magana. Me suke kallo a wayar?

Maman 'Yan Biyu: Jiragen sama jannati, mutum-mutumi, duniyoyi, irin waɗannan. Ɗaya har kwali yake yankawa wai yana ƙera roka.

Ɗan Gangare: Alhamdu lillahi, to kin sami ƙofa a buɗe. Akwai almarar kimiyya da Hausa, mutane ba su sani ba. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Yaro ne mai suna Kilba, wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi ya zaga da shi sararin samaniya. Ki duba fa, Bahaushe ya zauna a wancan lokacin ya rubuta wannan. Ranar da na gano shi na ji kamar an ba ni gadon da ban san ina da shi ba. In sun gama sai ki nemo musu na Jules Verne da aka sauƙaƙa, Twenty Thousand Leagues Under the Sea, na 1870, jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku da Kyaftin Nemo. In sun ƙara girma, The Time Machine na H. G. Wells, 1895.

Babbar ma akwai nata: Binti na Nnedi Okorafor, 2015, marubuciyar 'yar asalin Nijeriya ce. Yarinya ce daga ƙabilar Himba ta Namibiya, gwanar lissafi, ta bar gida da asuba ba da sanin iyaye ba don ta tafi jami'a a wata duniyar, tana ɗauke da jar ƙasar da matan garinsu ke shafawa, ta ƙi yarda ta bar al'adarta don a karɓe ta. Ya ci manyan kyaututtuka biyu na wannan fanni, Hugo da Nebula. Bai kai kaurin littafin lissafinta ba.

Alhaji na Bauchi Road: Ɗana, wannan fa shi ne nake tsoro fiye da soyayyar. A cusa wa yaro ɗan shekara 9 cewa akwai wasu halittu a wata duniya, ana komawa jiya, ana leƙa gobe. Gaibu na Allah ne. Kada a rikita musu aƙida.

Ɗan Gangare: Baba Alhaji, yaron da aka yi wa tatsuniyar Gizo yana magana da Sarki bai taɓa fita neman gizo-gizo ya gaishe shi ba. Yara sun san ƙage. Kuma ni abin da irin wannan karatu ya yi mini shi ne ya sa na fara ɗaga kai ina kallon sama. A nan Jos in hunturu bai kawo hazo ba, ka hau dutse da dare ka ga taurari, sai ka ji tsoron Allah ya ƙaru, ba raguwa ba.

Baba Tsohon Hedimasta: Alhaji, bari in sa baki. Abubakar Imam ɗan malamai ne, gidan alƙalai ya fito, amma shi da East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu da yadda duniya take tafiya. Dubi sunan da suka ba shi. A wurinsu duban halitta hanyar sanin Mahalicci ce. Ni na ga tauraruwa mai wutsiya ta Halley da idona a 1986, na tashi ɗalibaina da asuba cikin sanyi muka fita fili. Ba ta yi haske sosai ba a wannan zuwan, amma mun gan ta. Na gaya musu tana zagayowa ne duk bayan kimanin shekara 76, za ta dawo a 2061, ni ba na nan, wasunku suna nan. Ba wanda ya yi magana har muka koma. 'Yan biyun nan in Allah ya ba su rai za su gan ta. A bar su su karanta, uwarsu tana kusa, in sun yi tambaya ta amsa, in ta gagare ta ta kai wa malaminsu na Islamiyya.

Alhaji na Bauchi Road: Allah ya sa mu cika da imani. Na ji, Malam. Ban gamsu duka ba, amma na ji.

Injiniya daga Bukuru: Ban da abin ƙarawa sai ɗaya, na manya masu son irin wannan: Dune na Frank Herbert, 1965. Duniya ce ta hamada zalla, ruwa ya fi zinariya, mutanenta suna sa tufar da ke tara gumin jikinsu ta mayar da shi abin sha. Manyan dauloli suna kashe juna a kan wani sinadari da a can kawai ake samunsa, 'yan ƙasa kuma ba a tambayarsu. Duk wanda kakansa ya yi aikin kuza a Filato, ya ga kududdufan da aka bar mana bayan an kwashe arzikin, zai gane labarin ba sai an fassara masa ba. Akwai kalmomin Larabci da yawa a ciki, har da Mahadi. Yana da kauri, Turancinsa kuma ba na gaggawa ba ne.

Malamar Firamare: To bari in zo kan auta, don na ga an manta da ita. 'Yar shekara 5 ba littafi take bukata a hannu ba tukuna, murya take bukata. Ki zaunar da ita ki ce "ga ta nan ga ta nanku", ki koya mata ta ce "ta zo mu ji ta". In tatsuniyoyin sun ɓace miki, ki nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ya tattara su da waƙoƙinsu. Ki rera waƙar, kada ki karanta ta kamar sanarwa. Daga nan sai Ka Koyi Karatu, wanda da yawanmu da shi muka fara haɗa baƙi.

Kuma wani abu da na gani a aji shekara da shekaru: yaron da ya iya karatun Turanci, mako biyu ya ishe shi ya kama na Hausa, domin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Abin da zai koya sabo kaɗan ne: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, ts, da irin su ky da gw. Ki rubuta mata "bari" da "ɓari", "daki" da "ɗaki", "kafa" da "ƙafa", ta faɗa da bakinta, za ta ji bambancin da kanta tunda harshen yana kunnenta. Kada ki yi mata dariya, kada ki bari ƙannenta su yi. 'Yar shekara 15 in ta ji kunya sau ɗaya ta rufe littafin ke nan.

'Yan biyu kuma a Turanci ki haɗa musu da Chike and the River na Chinua Achebe da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi. Na biyun a Arewa aka kafa shi, akwai jirgin ƙasa, akwai wasan shanci, akwai mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana farautar wanda ya kashe masa mata. Maza suna son sa ƙwarai. Ekwensi a Minna aka haife shi, ya san mu.

Ɗalibar Naraguta: Malama kin tuna mini, akwai Gandun Dabbobi, fassarar Animal Farm na George Orwell da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi. In babbar ta karanta na Turancin a makaranta, sai ta bi na Hausar, tunda ta riga ta san labarin ba za ta wahala ba.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a kun cika mini takarda har bayanta. Saura tambaya ɗaya: ina ake samunsu? Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 ban san takamaiman inda masu littattafan Hausa suka koma ba.

Mai Littattafai: Hajiya muna nan, mun warwatsu ne kawai. Ki zaga wajen Babban Masallacin Juma'a, masu sayar da littattafan addini da yawa suna ajiye Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, don makarantu suna nema. Na Turanci kuma ki duba masu shimfiɗa na hannu a bakin titi wajen Taminus, sai dai da damina sai kin daidaici rana ta fito. Ki buɗe ki duba kafin ki biya: akwai bugun satar fasaha, tawada ta dushe, ƙugiyar ƙ da ɗ ta ɓace, wani ma shafuka sun tsallake. Ga mai koyon karatun Hausa wannan illa ce babba. Tauraruwa Mai Wutsiya da So Aljannar Duniya suna wuyar samu a nan, sai an yi sautu Kano ko Zariya. In ana so mutum biyar ko shida su haɗu, in sa a cikin kayana na mako mai zuwa.

Ɗan Gangare: A sa ni, kwafi biyu na Tauraruwa.

Injiniya daga Bukuru: Ni ma ɗaya.

Baba Tsohon Hedimasta: 'Yata, kafin sautu ya iso kada ki zauna jira. Ina da Magana Jari Ce na farko, tsohon bugu, na ɗinke bangonsa da zare. Ki turo a karɓa. Kuma ki tuna yadda littafin kansa yake: Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya fita ya bi shi, Waziri ya shirya masa mugunta a waje, ba abin da ya tsare yaron a gida sai aku da yake ba shi labari bayan labari har gari ya waye. Aku bai kulle ƙofa ba, bai ɗaga murya ba. Ki zauna da su bayan sallar isha'i, ki karanta da kanki, da muryar Sarki daban, ta aku daban. In kin zo inda ya fi daɗi ki rufe, ki ce sai gobe.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu babansu zai biyo.

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyar. Daren farko an ɗauke wuta, ana ruwa, na kunna fitilar caji na fara. 'Yan biyu sun yi ta mutsu-mutsu, auta ta yi barci a cinyata, babbar tana gefe da waya kamar ba ta ji. Na rufe a inda Baba ya ce. Dare na biyu Hasan ne ya ɗauko littafin da kansa. Dare na uku muryata ta dushe saboda mura, na ce yau sai haƙuri, sai Husaini ya ce to Yaya ta karanta mana. Ta yi shiru, na ɗauka za ta ƙi. Ta karɓa. Ta yi tuntuɓe a wurare da yawa, ta tsaya a kan "ƙasaitaccen" har sau uku, ba wanda ya yi dariya don na riga na ja musu kunne kamar yadda Malama ta ce. Ta kai shafi biyu da rabi. Jiya da rana na shiga ɗakinsu na tarar ta wuce inda muka tsaya, ita kaɗai, tana motsa baki. Wayar ba a daina ba, kada in yi muku ƙarya, amma an rage. Ni kuma na gama So Long a Letter, Uwargida ina son mu yi maganarsa ni da ke. Mai Littattafai a sa mini So Aljannar Duniya ɗaya da Tauraruwa ɗaya. Baba, akwai na biyu a wurinka?

Baba Tsohon Hedimasta: Akwai, har na uku. Na biyun shafin farko ya yage, zan rubuta mata shi da hannu in manna kafin Juma'a. Ki ce ita ta zo karɓa tare da babanta, ina so ta karanta mini shafi ɗaya in ji.